Duron Ɗakin Goggo

Sanyin shekarar nan bai yi sallama ba. Mutane sun kwanta da taga a buɗe, suka wayi gari ruwa ya daskare a bakin famfo. Kafin ka ce me, layin kananzir a gidan mai ya sha kwana har ya kai gindin gada, kowa da jarkarsa a gabansa, yana tura ta da ƙafa yana hura hannu.

Direba ya bi wannan layi har ya gaji. Motar ɗaukar kaya yake ja, kuma duk ranar da ya tsaya layi, ranar babu aiki. Jarka ɗaya kuwa, in aka zuba wa hitar ɗumama falo da ta ɗakin yara, ba ta zuwa ko'ina. Matarsa, wadda take ɗinki a gida, ta ce yatsunta sun daina riƙe allura.

"Mutum da mota a hannunsa, amma kullum muna auna mai kamar maganin ido," in ji ta. "Ka nemo babban abu ka cika sau ɗaya mu huta mana."

Ya shiga nema. Duron roba da ya gani a kasuwa, an ce masa sanyi na fasa su. Wani da aka nuna masa a bayan wata masana'anta, akwai hoton ƙoƙon kan mutum a jikinsa, ya ce a'a, ba da shi ba. Wani kuma da aka zuba masa ruwa don gwaji, sai ga shi yana fitsari ta gindi. A ƙarshe ya dangana da filin 'yan gwangwan, wurin wani tsoho mai ido ɗaya da ya san shi tun yana yaron mota.

"Kai Direba, yau kuma me ka kashe? Injin ko giya?"

"Ba abin da na kashe, tsohon banza. Duro nake nema, babba, wanda ba ya yoyo."

Mai gwangwan ya ja shi bayan tarin ƙofofin mota, ya yaye wani buhu. Ga shi nan tsaye, shuɗi, ya kai ƙirjin mutum, ƙarfensa mai kauri. Tsohon ya ɗauki sifana ya buga masa a ciki. Ƙarar ta fito daga can ƙasa, bum, ta daɗe tana yawo a filin.

"Ka ji murya? Irin wannan an daina yi. Amma in gaya maka, ƙarfe ne, in sanyi ya kama shi yakan yi ƙara shi kaɗai, kada ka ce aljanu na sayar maka. Kuma kada ka ajiye shi inda mutum yake kwana. Wuta kuwa ko ta sigari ce kada ta gifta."

"Ni za ka koya wa mai? A cikinsa na yi gemu."

Ya ɗora shi a mota, ya bi ta wurin wani da ya sani a gidan mai, aka cika masa har wuya. Da la'asar ya iso gida yana danna hon kamar ya kawo amarya.

Sai a nan magana ta tashi. A tsakar gida ba zai kwana ba, don ɓarayin unguwar ko igiyar shanya ba sa bari. A ƙarƙashin matakala, mai gidan haya ya leƙo ta tagarsa ya ce wallahi in ya ga duro a nan, har da su zai fitar. Sama kuwa, inda suke zaune, ƙarti huɗu da suka taya shi saukewa suka dubi matakalar, suka dubi duron, suka yi dariya.

Saura ɗaki ɗaya a ƙasa, mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Nan Goggo take, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi. An sauko da ita ne tun da gwiwoyinta suka ƙi hawan bene. Tana zaune a bakin gado da 'yar hitarta a gabanta, tana jin duk abin da ake yi. Ta ga yadda kowa yake duban ƙofarta yana kau da kai. Tsohuwar da ba ta haifi nata ba, ta san irin shirun nan tun ba yau ba.

"Ku shigo da shi nan mana," ta ce. "Ni da wannan makeken ɗaki, rawa nake yi a ciki?"

"Haba Goggo," in ji Direba. Amma yana faɗa yana yi wa ƙartin alama da hannu.

Aka mirgino shi, aka tsayar da shi a kusurwar da ke kusa da kan gadonta, don nan ne kaɗai ƙasa take daidai. Sannan Direba ya sunkuya ya kashe 'yar hitar, ya ɗauke ta. Ya ɗauke ashanar da ke kan taga, ya sa a aljihu.

"Kin san wuta da mai, Goggo. Kwana biyu ne kawai, kafin in sa mai walda ya yi masa keji a waje. Zan sauko miki da bargo."

"Allah ya yi maka albarka, Na-Goggo."

Ya sauko da bargo biyu. A ransa ya ce ai ya yi ƙoƙari.

Daren nan gidan sama ya yi ɗumi irin wanda ba su taɓa ji ba. Yara suka tuɓe rigunan sanyi, keken ɗinki ya dawo da kukansa.

Kullum da safe Direba yakan sauko da jarka da tiyo. Ya buɗe murfi, ya zura tiyon, ya zuƙa da baki har man ya taho, ya tofar, ya tsaya yana jiran jarka ta cika. Wannan tsayuwar ita ce gaisuwarsu.

"Goggo, an tashi lafiya? Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne. Ka gaida mijina mana, ka wuce shi kamar ba ka gan shi ba."

"Wane miji kuma?"

Ta nuna duron da haɓa. "Ga shi nan. Da tsufana ka yi mini aure. Ba ya magana, ba ya cefane, sai wari. Irin mazan yanzu sak."

Ya yi dariya har mai ya zuba a ƙasa. Ya hau sama ya ba matarsa labari, ita ma ta yi dariya, suka ce ai Goggo tana nan garau, mutumin da ba shi da lafiya ba ya barkwanci.

Warin bai tsaya a bakin duro ba. Ya shiga bargo, ya shiga katifa, ya shiga ruwan shanta. In an buɗe taga don ya fita, sanyi ya shigo ya zauna mata a ƙashi. In an rufe, kanta ya yi nauyi, idanunta su yi ja suna zubar da ruwa. Sai ta riƙa yin rabi da rabi, ta buɗe har haƙoranta su fara haɗuwa, ta rufe har numfashi ya fara gagararta. Kwanon abinci ya fara komawa sama yadda ya sauko.

"Ta ce komai ɗanɗanon kananzir yake mata," in ji matar. "Anya ba za mu hau da ita falo ba, ko na ɗan lokaci?"

"Falo ina? Ga kekenki, ga masu kawo ɗinki suna shiga suna fita. Ki ajiye musu tsohuwa da fo a gefe? Ita kanta ba za ta yarda ba, kin san ta da kunya."

Matar ba ta ja ba. Bayan 'yan kwanaki, da ya ji tarin Goggo ya canza, ya koma kamar ana yaga tsumma, shi ne ya ce ko a kai ta ɗakin yara.

"Da wannan tarin? Ka sa mini yara su kwasa? Ai tsoho da tari ba a raba su in sanyi ya zo. Kuma ka tuna, ita ce da bakinta ta ce a shigar mata da shi."

Shi ma bai ja ba. Haka suka yi ta miƙa wa juna maganar, kowa ya ɗauka ranar da ya san ɗayan zai ƙi.

Mai walda kuwa, Direba ya je wurinsa sau ɗaya bai same shi ba. Bai koma ba.

Wata rana bayan magariba suna zaune ana cin abinci, hita tana ci ja-wur a tsakiyar falo, sai suka ji wata ƙara daga ƙasa. Bum. Aka ɗan yi shiru. Bum.

Matar ta tsayar da cokali. "Mene ne wannan?"

"Duro ne," in ji Direba, bakinsa cike. "Mai gwangwan ya gaya mini, in sanyi ya kama ƙarfe haka yake yi."

"Ashe mijin Goggo yana magana," ta ce. Kowa ya yi dariya. Tun daga ranar abin ya zama wasan gidan. In aka ji bum, sai wani ya ce mijin Goggo yana gaisuwa, a ci gaba da abin da ake yi.

Da safe da ya sauko, ya tarar muryarta ta dushe, sai ya matso kafin ya ji.

"Na-Goggo, jiya kun ji?"

"Mun ji, Goggo. Kada ki tsorata, ba komai ba ne. Sanyi ne yake sa shi."

Ta daɗe tana dubansa da jajayen idanun nan. Shi kuwa hankalinsa yana kan jarka, kada ta cika ta zuba.

"To," ta ce. "Sanyi ne."

Sandarta, wadda a da take jingine a bayan ƙofa, yanzu tana kwance a gefenta cikin bargo. Ya gani, ya ce a ransa gwiwar ce ta ƙara matsa mata.

Akwai wata malamar asibiti a gidan da ke kallon nasu. Wata safiya ta shigo karɓar ɗinki, tarin ya tsayar da ita a gindin matakala. Ta tura ƙofa, ta yi baya tana toshe hanci da mayafi. Ta duba Goggo, ta saurari ƙirjinta, ta taɓa ƙafafunta, sannan ta tare Direba a bakin mota.

"Maigida, cikin biyu za a yi ɗaya, kuma yau. Ko duron ya fita, ko tsohuwar ta fita. Ƙirjinta ya cika, ƙafafunta kamar ƙanƙara. Mutum yana kwance kusa da man da zai ɗumama unguwa guda, sanyi yana cinsa?"

"Malama, gaskiyarki. Amma kin ga a cike yake, ba ya ɗaguwa. Bari ya ɗan sauka."

"To ita ma ba ta ɗaguwa ne?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce za a duba, ya tayar da mota. A hanya yana ta faɗa shi kaɗai. Mutane da shiga sharo ba shanu. Ita ta san yadda ake riƙe gida? Wa ya riƙe Goggo duk shekarun nan, ita ce? Da yamma ya sayo maganin tari mai zaƙi da safa mai kauri, ya ba Goggo da hannunsa, ya ji nauyin ya sauka daga ƙirjinsa.

Man ya yi ta sauka. Da saukarsa ƙarar ta ƙara zurfi, ta ƙara yawa. Da can sai bayan magariba, yanzu har da hantsi, har da azahar. Matar takan ji ta ta cikin kukan keke, ta ɗaga ƙafa, ta saurara, ta ci gaba da ɗinki.

Ranar da duron ya sauka har mutum biyu za su iya jan sa, ranar ce aka fara raɗe-raɗin cewa kananzir zai yanke gaba ɗaya. Direba ya tsaya a ƙofar ɗakin yana lissafi. In ya fitar da shi, ina zai kai shi? In mai ya yanke, yara fa? Sanyin ma ai ya kusa wucewa, abin da aka jure ya fi abin da ya rage. Ya ari jarkoki, ya yi sawu, ya dawo ya kafa mazurari a bakin duro yana bulbulawa, jarka bayan jarka. Ɗakin ya cika da tururin mai har shi kansa idonsa yana yaji.

Goggo tana kwance tana kallonsa. Leɓenta ya motsa. Ya sunkuya.

"Ka ƙara masa?"

"Na ƙarshe ke nan, Goggo. Daga wannan shi ke nan, wallahi."

Ta rufe ido. Ba ta yi zancen miji ba. Ta daɗe da daina wannan wasan, amma a sama ba wanda ya lura, don su suna ci gaba da yi.

Man ya yanke kamar yadda aka faɗa. Gidan Direba ya zama gidan da ya fi kowane ɗumi a layin. Wata ranar hutu da rana abokansa direbobi suka taru a falonsa, aka dafa shayi, aka miƙe ƙafa, ana ta yaba masa.

"Kai dai ka iya zama da duniya. Mu muna can muna ƙona kwali."

"Hangen nesa ne," in ji Direba. "Tun sanyi bai kankama ba na nemo duro."

Bum.

"Ka ji shi nan, ya san ana zancensa."

Aka kwashe da dariya. Bum. Bum. Bum. Yau ƙarar ba ta tsaya ba, tana zuwa a jere, sai ta yanke, sai ta dawo. Wani dattijo a cikinsu ya karkata kai.

"Anya ƙarfe ne wannan? Kamar mutum yana ƙwanƙwasa ƙofa."

"Haka yake yi. Yau ai sanyin ya fi na kullum. Miƙo kofinka."

Dattijon ya miƙa kofi. Ƙarar ta sake zuwa sau ɗaya, a hankali, kamar an jingina abu ne kawai. Daga nan ba a ƙara ji ba, kuma hira ta yi daɗi, ba wanda ya lura da lokacin da ta daina.

Da la'asar matar ta sauka da kwanon abinci. Ƙarar faɗuwar kwanon suka fara ji kafin salatinta.

Matan da suka yi mata wanka sun ce sun sake ruwa sun sake, warin bai fita daga gashinta ba. A hankali suka faɗa, a tsakaninsu. Masu gaisuwa kuwa sun cika gida, sun hau sama inda ɗumi yake, suna riƙe hannun Direba.

"Ka yi ƙoƙari. Ɗan cikinta ma iyakar abin da zai yi ke nan. Kwana ne ya ƙare."

Yana amsawa, yana cewa Allah ya ba da lada. Malamar asibiti ta zo, ta yi wa matar gaisuwa, ta wuce shi ko kallonsa ba ta yi ba.

Sanyin bai wuce ba. Bayan an watse ma sai ya ƙara ƙarfi, irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Bututun ruwa ya fashe a bango, mota ta ƙi tashi sai an tura. Duron yana nan a kusurwarsa, a ɗakin da yanzu ba kowa, taga a buɗe, sanyi yana shiga yadda ya ga dama.

Direba ne ya fara lura. Suna cin abinci bayan magariba, ya ga ya tsayar da hannu yana jira. Bai san abin da yake jira ba sai da ya ji shirun. Washegari ma haka. Ya zauna a gida da hantsi, ya zauna da azahar, ya kashe rediyo. Ya ce ko don a cike yake ne, sai ya tuna ai a cike yake ranar da abokansa suka zo. Ya ce ko sanyin ne bai kai ba, alhali ruwan da ke cikin buta ya zama dutse. Matar ma ta daina taka keke da ƙarfi. Wani lokaci sai ya ga ta ɗaga ƙafa, ta karkata kai, sannan su haɗa ido, kowa ya kau da nasa. Ba wanda ya ƙara cewa mijin Goggo.

Ƙarfen bai ƙara yin ko tari ba.

Wata safiya ya sauko da jarka da tiyo kamar kullum. An naɗe katifa, an fitar da bargunan, saura gadon ƙarfe da sandar da aka jingine a bango. Maimakon ya buɗe murfi, sai ya zauna a bakin gadon, inda take zama. Bai taɓa ganin duron daga nan ba, kullum a tsaye yake zuwa masa. Daga nan kuwa, a gefen da ke kallon gado, daidai inda hannun mai kwance zai kai, shuɗin fentin ya ɓaɓɓake, faɗin tafin hannu, ƙarfen ya fito fari, duk ya lotsa da ƙananan tabo. Ya jawo sandar ya juya ta. Kanta ya yi shuɗi.

Sannan ya kishingiɗa a kan ƙarfen gadon, ya ɗaga sandar, ya buga sau ɗaya.

Bum.

A sama keken ɗinki ya tsaya cak. Ya ji an ture kujera, ya ji ƙafa a matakala, ba takalmi. Kafin ƙarar ta gama mutuwa a cikin duron, matarsa tana bakin ƙofa tana haki, almakashi a hannunta.

Ashe iyakar nisan ke nan. Bai kai a sha kofin shayi ba, bai kai a ja zare a allura ba.

Ta dubi sandar a hannunsa, ta dubi farin tabon a jikin duro. Kowannensu yana da abin da zai ce ɗayan ne ya hana, kuma kowannensu ya san ranar da shi ya hana.

Suna nan a haka har sanyin ɗakin ya fara shiga mata ƙafa. Can ta ce, da wata murya da ba tata ba, "Hitar sama ta kusa mutuwa. Yara za su tashi."

Direba ya ajiye sandar a hankali. Ya miƙe, ya buɗe murfin, ya zura tiyo, ya sa baki ya zuƙa. Man ya cika masa baki, ɗanɗanon da Goggo ta ce komai ya koma mata. Ya tofar, ya sake tofarwa, ya goge da hannun riga. Ɗanɗanon bai fita ba. Ya ɗauki jarkar ya hau sama da shi a harshensa.